Fil a Gaban Rigar Lamduan

Maɓalli ɗaya ne ya tayar da kasuwarmu tsaye ranar Laraba. Da safe Lamduan mai kwaɗon gwanda ta sunkuya za ta ɗaga turmi, maɓallin rigarta na saitin cibiya ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ta laluba aljihu, ta samu fil irin na maƙale kaya, ta soka, ta ci gaba da firar ɗanyar gwanda. Da hankalinta na jikinta, da ta tuna cewa a garinmu mace ba ta maƙala fil a gaban ciki sai in tana da juna biyu, don ya tsare ɗan daga iskoki.

To hankalin nata ba ya jikinta, domin cikin gare ta da gaske, wata biyu da kwanaki. Shekararta arba'in da uku, 'ya'ya uku, kuma gobe ƙarfe tara likita ke jiranta a babban asibitin birni, tunda doka ta yarda a cire ciki kafin mako goma sha biyu. Mijinta Prasit kaɗai ya sani. Daga cikin tasinsa a Bangkok ya ce mata a waya abin da ta yanke shi ke nan.

Goggo Thongbai mai kifi, wadda teburinta ke manne da nata, ita ta fara gani. Wannan tsohuwa idonta ba ya ganin canji in za ta ba ka, amma ya hango fil.

"Lamduan, juyo nan in gani. Tabɗi. Ashe zuwan da Prasit ya yi bikin watsa ruwa na sabuwar shekara ba uwarsa ya zo gaidawa ba."

"Maɓalli ne ya cire, Goggo."

"Eh mana, ai haka yake cirewa. Ni sau biyar nawa yana cirewa."

Kafin Lamduan ta gama daka wa mutum biyu, labari ya kai layin masu takalma ya dawo da 'yan rakiya. Mai gasa kaza ta ajiye mata cinya biyu, ta ce ɗaya nata, ɗaya na baƙo. Aka fasa mata kwakwa uku a jere, wai ta shanye ruwan don ɗa ya fito fes. Wata ta dafa cikin ba ko sallama, ta ce namiji ne. Wata ta ture ta, ta dafa, ta ce wannan ko makaho ya san mace ce, har suka soma zage-zage a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba. Makahon da ke sayar da tikitin caca kuwa ya ce a bar sa shi a ciki, shi dai duk lambar da ta ƙare da arba'in da uku an wawushe ta tun ƙarfe goma.

Lamduan ta rantse, ta nuna zaren maɓallin, ta sake rantsewa. Ko a jikinsu. Can dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta tsayawa, ta riƙe bakin turmi tana yi har da hawaye. Kuma a faɗi gaskiya, daɗi ta ji. Shekara ashirin tana tsaye a wannan lungu ba wanda ya taɓa ce mata zauna, yau ga ta a kan kujera, ana yi mata fifita da murfin kwali.

Ana cikin haka Inna Samniang, 'yar sa-kai ta lafiya da ke bin gidaje tana awon jini, ta kutso da jakarta a hammata.

"Ku matsa, hukuma ta iso. 'Yar nan, kin yi goshi. Akwai tallafin jarirai, kuɗi bat ɗari shida duk wata har ya shekara shida. Yana faɗowa ni zan sa hannu in shaida ke matalauciya ce, mai unguwa ya sa nasa."

"Sai kun sa hannu za a gane, Inna? A turo su su leƙa tukunyata."

"Ɗari shida," in ji Goggo Thongbai tana kankare kifi. "Gwamnati ta ɗauki nauyin ƙafarsa ɗaya ke nan. Sauran jikin ke da Prasit."

Aka sake kecewa, mai gasa kaza har tana dukan cinya. A tsakiyar wannan shewa wayar Lamduan ta yi ƙara. Fasai ce, babbar 'yarta, wadda ke shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a birnin Khon Kaen. Wata sarkin rawar kai ta riga ta tura mata hoton rigar.

"Mama, sai a waya zan gani? Tun ɗazu nake tsalle a ɗaki. Kada ki damu da komai, na gama tsarawa. Zan ajiye karatu shekara ɗaya kacal, in zo in riƙe miki turmi da goyo."

Dariyar Lamduan ta ɗauke ɗif. Shekara ɗaya kacal. Haka ita ma Lamduan uwarta ta ce mata tana 'yar sha huɗu, da aka haifi autansu, kuma rabonta da aji ke nan. Tsoro ya kama ta, da fushi.

"Fasai, in kika bar makarantar nan, ni da kaina zan karya miki ƙafa in ɗauke ki in mayar. Maɓalli ne ya cire."

Ta kashe wayar, ta ja Inna Samniang bayan rumfa, wurin da ake zubar da ɓawon gwanda, ta gaya mata komai a tsaye. Inna ta saurara, ta zuge jakarta.

"Ƙarfe nawa?"

"Tara."

"Bakwai zan zo da babur. Ki taho da zani na biyu."

"Ba za ki ce min alhaki ba ne, Inna?"

"Ni awon jini aka koya min. Ba a ba ni ma'aunin alhaki ba."

Suka je, aka yi. Lamduan ta kwana uku a gida. Ranar Litinin ta fito kasuwa, ta haddace ƙaryar da za ta yi, cewa santsi ya kwashe ta a banɗaki ta yi ɓari. Ta shirya wa kallo, ta shirya wa tsaki da habaici.

Ba wadda ta tambaye ta komai. Mai gasa kaza ta ajiye mata kofin ruwan citta mai zafi ta wuce. Wata ta kawo shinkafa mai danƙo da busasshen kifi, ba yaji ko kaɗan. Da ta kai hannu ga taɓarya, Goggo Thongbai ta buge hannun, ta tura ta kan kujera, ta bar kifinta ga ƙudaje, ta hau daka.

"Kwana bakwai ba ɗaga nauyi, ba ruwan sanyi," ta ce, ba ta ko kalle ta ba. "In zazzaɓi ya zo, kada ki zauna jiran ya sauka da kansa."

"Goggo, santsi ne ya..."

"Ajiye wannan labarin, za ki ba maza." Ta matsa lemun tsami a turmi, ta rage murya. "A zamaninmu bayan injin casar shinkafa ake zuwa, wurin wata tsohuwa mai tausar ciki har ya zube. Mu uku muka je daga layin nan a shekara ɗaya. Biyu muka dawo."

Lamduan ta juya ta dubi mai gasa kaza, wadda ke juya cinyoyi a kan wuta, kanta a sunkuye, sai ta gane ko wace ce ta biyun. Goggo Thongbai ta goge ido da bayan hannu, ta ce barkono ne, sannan ta ɗaga kai ta tambayi mutumin da ke tsaye ko barkono guda nawa za a saka masa.