A Hannunta Ya Faɗi

Tun da suka hau saman benen gidansu ita da yayanta, Mai Hoto ta san yau ba ranar tashin jirgi ba ce. Zannuwan Umma da ke kan igiya sun miƙe sambal, murfin tankin ruwa sai ƙwanƙwasa kansa yake yi. Ta ƙara rungume jakarta. A ciki ɗan jirginta marar matuƙi yake, mai farfela huɗu da kyamara, wanda da shi take ci take sha. Gobe da sassafe ma akwai mai gonar da ke jiran ta ɗaukar masa hoton gonarsa daga sama.

"Yaya, iskar nan ta yi yawa," ta ce. "Mu bari ta lafa."

Yayan nata kuwa, tun da ya taɓa gyara rediyon Umma aka laƙaba masa Injiniya, shi ke nan ya ɗauka babu na'urar da ta fi ƙarfinsa a duniya. Sabon gidansa da ke bakin kogi yake so a ɗauka ya nuna wa abokai, kuma yanzu yake so.

"Ke dai matsoraciya ce. Wannan har iska ce?"

Ta yi masa bayani a tsanake. In ma dole sai an tashi, ana fara tunkarar iska ne tun batir yana cike, don in ya yi rauni iskar ta turo jirgin gida. Gidan nasa kuwa can iskar ta nufa. Tafiya za ta yi daɗi, dawowar ce matsala.

Bai ji ko ɗaya ba. Ta yarda dai za ta ɗaga shi sama kaɗan ya gani da idonsa yadda yake tangaɗi, wai ko zai haƙura. Jirgin na tashi ya fizge rimot ɗin daga hannunta.

"Kawo nan. Mene ne a ciki? Ai na ga yadda kike yi."

Ya danna, jirgi ya cilla wajen kogi kamar an harba shi. Bakin Injiniya har kunne.

"Kin gani? Shekara nawa kina fama da shi, kin taɓa sa shi gudu haka?"

"Ba kai kake tuƙa shi ba, iska ce! Don Allah juyo da shi!"

Sai da ya zagaya gidansa sau biyu, ya tsaya yaba fentin ƙofar gidan da rufin kwano, sannan ya ga dama ya juyo. Jirgi ya fuskanci iska ya tsaya cak a saman ruwa. Farfela na ta aiki, amma ko taku ɗaya ba ya yi. Rimot ya fara ƙara, alamar batir ta koma ja.

Nan fa Injiniya ya yi tsuru-tsuru. Abin da ya yi daga nan shi ne har yau in ta tuna sai zuciyarta ta tafasa: ya cusa mata rimot ɗin a hannu, ya ja da baya, ya zuba hannaye a aljihu.

"Karɓi abinki. Da ma wannan jirgin naki ba shi da ƙarfi."

Ta yi iya yinta. Ta saukar da shi ƙasa-ƙasa, kusa da ruwa, inda iska ba ta kai ta sama ƙarfi ba. Ya fara matsowa a hankali. A fuskar wayar da ke maƙale da rimot ɗin tana ganin ciyawar gaɓa, tana ganin wani tsohon kwale-kwale a ɗaure, saura ƙiris. Sai hoton ya karkace, ruwa ya cika fuskar, komai ya yi baƙi.

Ko da ta sauko falo, idonta jawur, ta tarar har ya riga ta ba da labari. Yana zaune ya miƙe ƙafa yana shan ruwan sanyi.

"Ni fa lafiya lau na miƙa mata shi, Umma. A hannunta ya faɗi."

"To, sai haƙuri," Umma ta ce. "Yayanki ne, kar ki tsaya ja-in-ja da shi. Ke ma ki riƙa kula da kayanki."

Ta riƙa kula da kayanta! Ta tuna mai gonar da zai fito gobe ya tsaya yana kallon sama. Ta dubi Yaya, ko a jikinsa, har ya fara latsa waya.

A kan tebur, kusa da kofinsa, mukullin sabuwar motarsa yake, wadda ko ƙura ba ya bari ta kwana a kanta. Ta sa hannu ta ɗauka, ta nufi ƙofa.

Ya miƙe zumbur, ruwa ya zube masa a riga.

"Ke! Ina za ki da shi? Ke da ba ki iya tuƙi ba!"

Ta juyo ta dube shi.

"Mene ne a ciki, Yaya? Ai na ga yadda kake yi."