Lambar Mahdi

Wayar Inna. Hoton Mahdi. Rigarsa ɗaya a goge. Dambun nama a leda, wai ya rame. Abin da Inna ta ɗora mini ke nan, ina riƙe da su a cinya cikin keken da ya ɗauko ni daga kasuwar Taminus zuwa Anguwan Rukuba.

Ƙanena Mahdi ya ɓace a hanyar kai shanu kudu, tun ina Indiya ina karatun lissafi. Ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba. Wayarsa ta mutu shekaru. Sai a watan jiya ta fara shiga. Inna ta ce yana raye, ta sa aka kira ni gida.

Na san lambar fiye da kowa. Idan aka cire sifirin farko, saura lambobi goma, ta haura biliyan takwas. Ranar da ya saye ta na gwada ta don wasa. Biyu ba ta raba ta, uku ba ta raba ta, haka har kusan dubu casa'in, inda gwajin ke ƙarewa. Babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. A cikin masu girmanta, kusan ɗaya cikin ashirin da uku ne haka. Mahdi ya yi ta alfahari da wannan a tasha. Inna kuwa ta riƙe cewa lamba ce ta daban.

Da na kira da tawa wayar, mace ce ta ɗauka, ta yi mini kwatance.

Sunanta Immaculata, tela ce, shagonta kusa da masu faci. Ta dubi hoton ta girgiza kai.

"Anti, ban san shi ba. Layin a Taminus na saya, sabo a kwali."

Haka kamfanonin waya ke yi. Layin da ya daɗe a kashe sai su sayar wa wani.

"Wata tsohuwa tana kiranki?" na tambaya.

"Kullum da safe! Mamanki ne? Ranar farko kafin na ce halo ya fara kuka, yana addu'a. Sai na yi shiru. Tun ranar nake shiru. Har keken ɗinki nake tsayarwa."

"Me ya sa ba ki gaya mata ba?"

"Ke za ki iya?"

Na kife hoton a kan rigar.

"In kina so in ci gaba, zan ci gaba," ta ce. "In kina so in karya layin, in karya. Amma kwastomomi sun san shi, wallahi."

Na bar mata dambun. Na koma da wayar Inna da rigar da hoton.

Inna na kan darduma a ɗakinta, yayata Balaraba na tsaye a bakin ƙofa. Ta ga rigar a hannuna, ta tare ni.

"Suwaiba, ki ce ba ki same shi ba. Shirun nan ne ya sa ta fara cin abinci."

"Gobe da safe ma za ta kira."

"To sai me?"

"Matar mutane ce ke tsayar da sana'arta tana sauraron kukan da ba nata ba."

Daga ciki Inna ta ɗaga murya. "Ya karɓi rigar?"

Na shiga, na rufe ƙofar a bayana.

"Inna, ba shi ba ne. Zan gaya miki komai, kuma ba za mu ƙara kiran lambar nan ba."