Jan Zare a Mayafin Zaiton

Mokhtar ya zare mayafin daga sahun gaba, ya waiga, sannan ya lallaɓa ya cusa shi can baya, tsakanin rigunan ruwa da tsofaffin labulaye. Wata uku ke nan kullum haka yake yi. Yana gaya wa kansa wai rana ce ke dukan gaban shagon, kuma rana tana cinye farin yadi. A Taiping, inda sama ke zubar da ruwa kusan kowace la'asar, ko shi kansa wannan hujja ba ta shigarsa.

Sai da ya janye hannu ya lura da zaren da ke ɗaure a maratayin. Jiya rawaya ne. Yau ja.

Kowa a unguwar ya san ƙa'idar shagon. Mutane su kawo abin da suka daina amfani da shi, a sayar da araha, kuɗin ya tafi ga masu wankin ƙoda. Sabon shigowa a ɗaura masa koren zare, in ya daɗe a canza masa rawaya. Wanda ya kai ja kuwa, mota ce za ta zo da yammacin Asabar ta kwashe. Katako a farfasa, tufafi a yayyanka su tsumma, bakanikai su goge baƙin mai. Yau ce Asabar ɗin.

"Kawu Mokhtar, ka ga aikina?" in ji Siew Lan daga bayan tebur. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta yi ritaya ta karɓi shagon, amma bakinta bai yi ritaya ba.

"Na gani. Siew Lan, wannan fa mayafin salla ne. Ba a goge mai da shi."

"Injin yanka bai san salla ba, Kawu. Wata uku na ba shi kamar kowa. Da safe in rataye shi a gaba, da yamma in tsince shi a bayan labule. Ni dai ban san yana da ƙafa ba."

Kunya ta rufe shi. Ya je ya zauna a kujerar gorar da ke lungu, wadda ita ma ta sayarwa ce, ita ma yau jan zare ne a hannunta. "Ita ma kai ka hana ta tafiya," Siew Lan ta ƙara. "Wa zai sayi kujera da tsoho a kai?"

Mayafin na Zaiton ne, matarsa ta shekara arba'in da ɗaya. Da hannunta ta yi masa ƙananan furanni a gefe. A gadon asibiti ta ce masa, "Kada ka kulle shi a akwati asu ya cinye. Ka ba wadda za ta yi salla da shi, ni ma in samu rabona." Ya cika rabin alkawarin, tunda ya kawo shi shago. Ɗaya rabin ne ya gagare shi. Bayan jana'iza 'yarsu ta zo daga Kuala Lumpur, da kyakkyawar niyya ta wanke komai na gidan, zanen gado, labule, har rigar matashi, ta koma. Mayafin nan kaɗai ya tsira, don yana cikin jakar asibiti. A duk duniya nan kawai ƙamshinta ya rage, na man zafin da take shafa wa gwiwa, da kanumfari. Shi yake zuwa shaƙa kullum, kuma yana jin kewarta har cikin ƙashi.

"To, in saye shi?" ya tambaya a hankali.

"Saya mana, ringgit biyar ne. Ka kai gida ka sa a akwati." Ta dube shi ta saman tabarau. "Abin da ta ce ka yi ke nan?"

Shi da bakinsa ya gaya mata wasiyyar ranar da ya kawo shi.

Ya je masallaci ya yi azahar, ya dawo da ƙullin shinkafa a ganyen ayaba, ya ci rabi. Sannan ya tashi, ya ciro mayafin daga bayan labulaye ya rataye shi a gaba, inda mai shigowa zai fara gani. Wata ɗaliba ta sayi butar shayi. Wani Ba'indiye ya gwada takalma uku ya tafi hannu wofi. Duk wanda ya wuce mayafin sai Mokhtar ya ji sanyi a ransa, sannan ya dubi agogo ya ji tsoro.

Wajen ƙarfe uku hadari ya haɗo, ruwa ya tsinke. Wata budurwa sanye da shuɗiyar rigar masana'anta ta faɗo ciki tana kakkaɓe jiki. Daga gaisuwarta ka san 'yar tsibirin Jawa ce, ba ta daɗe da zuwa ba. Ta tsaya gaban mayafin, ta bi furannin da yatsa, sannan ta kai shi hanci.

"Man zafi," ta ce, ta yi murmushi. "Kamar kakata. Anti, zan ɗauka. Nawa ya ɓata a hanya, da zanen gado nake salla. In na jiƙa shi da sabulu, gobe fes."

Siew Lan ta ɗauki almakashi amma ba ta yanke zaren ba, Mokhtar ta duba. Da ya ce an riga an saya, ya san za ta rufa masa asiri.

"'Yata," ya ce, "kada ki sa masa bilic. Zaren furannin ba ya so. Ruwan ɗumi ya isa."

"Kawu ya san mai shi?"

"Na san ta. Wajen goshi ya ɗan ci, amma zai kai ki shekaru."

Ta dube shi, ta dubi mayafin, ta gane. "Yaya sunanta? In riƙa sa ta a addu'a."

"Zaiton," ya ce. Rabonsa da furta sunan a fili tun ranar da aka binne ta, don babu wanda zai furta wa.

Almakashi ya yi ƙas. Budurwar ta naɗe mayafin a leda, ta rungume shi a ƙirji, ta shiga ruwa da gudu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta har ta sha kwana. Bai san abin da zai kawo shi nan ranar Litinin ba, kuma ban da nan ba shi da wurin zuwa.

Ƙarfe huɗu motar ta iso. Maza biyu suka loda buhunan jan zare, ɗayansu ya kama kujerar lungu zai ɗaga.

"Ajiye," in ji Siew Lan, ko kai ba ta ɗago ba. "Ba ka ga launin ba?"

Mokhtar ya duba. Koren zare ne a hannun kujerar, sabon ɗauri, bakinsa ko bajewa bai yi ba.

Ruwa bai tsaya ba tukuna, sai ya koma ya zauna.