Tulun da Ɗalha Ya Bari

Shekara goma sha ɗaya Ɗalha ya yi yana dafa wa Turawan wani kamfanin gina hanya abinci. Ranar da suka naɗe kayansu za su koma ƙasarsu, babbansu ya kira shi, ya ba shi hannu har sau biyu, sannan ya miƙa masa wani ɗan tulun tangaran mai mariƙi ɗaya. Babu komai a ciki. Abin da ke cikin sun riga sun ji da shi tun tuni. Ɗalha ya rungumo tulun har gida Mawashi, ya dire shi gaban matarsa Hadijatu, ya nuna mata baƙin rubutun boko da ke jikinsa.

"Kin ga wannan? Shaidar aiki ce. Sun rubuta ban taɓa yi masu sata ba."

Ko haka Baturen ya gaya masa, ko kuwa shi ya tsara abinsa a hanya don kada a ce ya dawo hannu rabbana, Allah kaɗai ya sani. Ɗalha ya rasu bai ƙara bayani ba. Ya bar mata ɗa ɗaya, da ɗaki biyu, da shaidar aiki.

Tulun kuwa abin kallo ne. Daga gindi zuwa ciki fari ne kamar kindirmo, kafaɗarsa zuwa baki launin zuma, ciki da waje sai sheƙi. Da takaba ta ƙare, Hadijatu ta duba abin da za ta ci da kanta, sai ta fara sayen ɗanyen man shanu wurin matan ruga, ta soya shi da albasa, ta kai kasuwar Kankia. A cikin tulun take zuba shi. Nan ta gane abin da Turawan ba su sani ba game da kayansu: mai ba ya tsami a cikinsa. Ya yi wata biyu, ka buɗe, ƙanshinsa na nan kamar yau aka sauke shi daga wuta.

Ta koyi halinsa kamar yadda ake koyon halin mutum. Ba ya son a zuba masa mai da zafinsa, sai ya huce. Ba ya son sabulu, don ƙanshin sabulu na bin mai. Tunda hannu ba ya shiga bakinsa, sai ta zuba ruwan ɗumi da toka da 'yan tsakuwa, ta yi ta girgizawa har ruwan ya fito tas, ta kife shi bisa kara ya sha rana, sannan ta turara shi da hayaƙin itacen geza yadda matan ruga ke yi wa ƙwaryar nono. Murfinsa na asali ya ruɓe tun Ɗalha na da rai, sai ta riƙa fiƙe totuwar masara ta naɗe da farin ƙyalle, duk kaka ta sake sabuwa. Lokacin sanyi, in man ya daskare, takan zaunar da shi cikin roba mai ruwan ɗumi har ya saki. A mota kuwa bisa cinyarta yake tafiya, ko da za a ce ita ta sauka.

A kasuwa sauran masu mai suna jere da nasu cikin robobin ruwa da aka tsinto, da kwalaben lemo, da wata jarka da kowa ya san maganin feshin gona ta taɓa ɗauka. Hadijatu takan kafa tulunta bisa gammo, ta juyo da rubutun wajen jama'a, don ba a ɓoye shaidar aiki. Shekara ashirin da bakwai mutanen Kankia na aiko da saƙo iri ɗaya: a sayo man tulu, in babu a dawo. Da man tulu aka yi wa masu jegon rabin garin tuwo. Da shi ɗanta Abdullatif ya yi jami'a. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta faɗin sunansa, Babba take ce masa.

Sai Alhaji Kabo ya yi ritaya.

Alhaji Kabo ya daɗe yana darakta a wata ma'aikata a birni, kuma ya dawo gida Kankia da abin da irinsu kan dawo da shi: ciwon suga, da dogon carbi, da sha'awar gyara jama'a. Wata uku da dawowarsa aka ba shi shugabancin kwamitin masallacin unguwarsu. Gidansa ya daɗe yana cin man tulu, amma direba ke sayowa. Yanzu da babu direba, sai ya zo cefane da kansa.

Ya tsaya gaban Hadijatu, ya ɗaga tabarau, ya sauke.

"Baiwar Allah, mi ke cikin wannan?"

"Man shanu ne, Alhaji. Miƙo hannu ka ɗanɗana."

"In ɗanɗana? A'uzu billahi! Kin san tulun mi ne wannan?"

"Na maigidana ne, Allah ya jiƙan shi."

"Tulun wuski ne! Giya! Barasa, Hajiya, barasa!"

Bai faɗa a hankali ba, don wa'azi a hankali ba ya kai lada inda ake so. Masu tumatir suka matso, masu daddawa suka miƙe. Alhaji Kabo ya yi masu bayani dalla-dalla: ƙasar da ake yin ta, shekarun da take yi a ajiye kafin a ɗura, da cewa wannan ba irin ta gama-gari ba ce, ta manya ce, mai tafiya a maƙogwaro ba tare da ta ƙona ba. Ya faɗi sunanta ma ba tare da ya duba rubutun ba. Yadda aka yi ya san duk wannan daga kallo ɗaya, ba wanda ya tambaya. Mutum ne mai ilimi.

Ranar, Hadijatu ta koma Mawashi da tulunta cike.

Abdullatif na koyarwa a wata sakandare a Kusada. Ta aika ya zo. Ta ajiye tulun a tsakaninsu kamar mai shigar da ƙara.

"Babba, karanta mani."

"Inna, ki bar maganar nan."

"Na ce ka karanta. Ba don wannan na kai ka boko ba?"

Ya karanta. Sunan giyar ne, da sunan masu yin ta, da shekarar da suka fara. Ta jira ya ci gaba, sai ya ajiye tulun.

"Ina wurin da aka ce bai yi sata ba?"

"Babu, Inna."

"Sunan shi fa?"

"Babu."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun ina aji biyu na sakandare."

"Shekara ashirin kana cin tuwo da man cikin shi, bakinka na sheƙi, ba ka ce mani komai ba."

"To mi zan ce, Inna? Baba ne ya faɗa."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tulun ta kai wa liman, Malam Harisu, wanda ya yi wa Ɗalha salla. Tsohon ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sa aka haska masa cikinsa da fitilar waya.

"Allah gafarta Malam, in na ciyar da mutane haram shekara ashirin da bakwai, ka faɗa mani in san inda zan sa kaina."

"Hadijatu, da tulun ƙasa ne mai shan ruwa, da sai in ce ki fasa, don abin da ya shiga jikinsa ba ya fita. Wannan kuwa tangaran ne, ba abin da ke ratsa shi. Wankinki na farko ya tsarkake shi. Sau nawa kika wanke shi?"

"Duk sati."

"To ya fi butata tsarki. Je ki yi sana'arki."

Ta koma kasuwa da hukuncin malam a bakinta, tana faɗa wa duk wanda ya tsaya. Kowa ya ce gaskiya ne, Malam Harisu ya san littafi. Sannan kowa ya wuce wurin mai jarkar maganin feshi. Wata da ta yi jego huɗu da man tulu ta ce ita dama ta daɗe tana jin kanta na juyawa in ta ci. Wani ya ce yanzu ya gane abin da ya sa ɗansa ba ya jin magana. Matan ruga suka fara tambaya ko ta daina saye ne su nemi wata. Sunan ma ya canza: da man tulu ake cewa, yanzu man kwalba, a faɗa ana ƙunshe dariya.

Kasuwa huɗu aka yi haka. A ta biyar Alhaji Kabo ya dawo, murya ƙasa-ƙasa, fuska cike da tausayi.

"Hajiya, ni ba da mugunta na yi ba. Amma mutane ba za su dawo ba muddin suna ganin abin nan. Ki ba ni shi in raba ki da shi. Ni da kaina zan fasa shi, in shaida wa jama'a kin tuba."

"Tuban mi, Alhaji? Malam ya ce..."

"Malam ba ya sayen mai."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ta zare totuwar, ta juye man cikin wata roba, ta sake mayar da ita bakin tulun, don ba ta iya miƙa shi baki buɗe. Ya karɓa da yatsa biyu ta mariƙi, yana nesanta shi da rigarsa, ya ratsa kasuwa a hankali yadda kowa zai gani. Washegari bayan azahar ya sanar a ƙofar masallaci cewa an kawar da abin, baiwar Allah ta gane kuskurenta, a ci gaba da taimaka mata.

Aka taimaka mata. Masu saye suka dawo, ba duka ba. Yanzu tana zuba mai cikin robobin ruwa kamar kowa, kuma man ya zama kamar na kowa: sati biyu ya fara warin roba, sati uku ya yi tsami. Ba mai aiko da saƙon a dawo in babu nata. In nata ya ƙare, ga na kusa da ita.

Bayan wata biyu Hajiya Rauda, matar Alhaji Kabo, ta aiko a kai mata mai har gida, za su yi baƙi. Hadijatu ta je da hantsi. Aka ce ta jira a falo, Hajiya na kicin. Ta zauna a ƙasa bakin kafet, tana kallon kujerun da ba a cire wa leda ba, da hoton Alhaji yana karɓar lambar yabo, da kabet mai gilashi kusa da talabijin.

Tulunta na nan a hawa na biyu na kabet ɗin, tsakanin kofunan shayi da agogon Makka. An cire totuwar, an soka masa furannin roba ja da shuɗi. An juya rubutun yana kallon bango.

Hajiya Rauda ta fito tana goge hannu. Ta buɗe robar, ta sansana, ta yamutse fuska.

"Kai, Inna Dije! Man nan naki ya canza. Da fa tun daga ƙofa ake jin ƙanshin shi. Ko kin fara haɗawa da na gyaɗa?"

"Ban haɗa ba, Hajiya."

"To wallahi ba kamar da ba. Ba zan sa wa baƙin Alhaji wannan ba, 'yan kwamiti ne." Ta ga inda idon Hadijatu yake, ta yi murmushi. "Kin ga abin furen Alhaji? Daga Kaduna ya sayo. Ya ce irin shi yanzu ko a Turai sai an tona. Ba ya bari ko yara su taɓa. Bari in kawo maki ruwa kafin ki tafi."

Ta koma ciki. Hadijatu ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Ta zuge gilashin kabet ɗin. Ƙura ta kwanta a kafaɗar tulun, kuma da ta kai hanci ta ji an wanke shi da sabulu mai ƙanshi. Ta sa bakin mayafinta ta goge shi tas, daga mariƙi har gindi, yadda ta saba. A waje ta ji tsayuwar mota, da muryar Alhaji yana cewa bisimilla, ku shigo, da sallamar mutane biyar ko shida, tsofaffin malaman makaranta da ma'aikata, duk masu karatun boko.

Ta kama tulun da hannu biyu, ta juyo da rubutun wajen jama'a. Sannan ta rufe gilashin, ta ɗauki robar manta, ta fita ta ƙofar baya ba ta jira ruwan ba.