Ƙofar Norkul

Eshmat yana kan tsani da almakashi a hannu, yana datse rassan inabin da suka tsallako katanga zuwa gidansa, yana kuma zuba masifa da ƙarfi yadda na can gefen zai ji.

"Ga shi na fara! In kana son kayanka ka zo ka kwashe, in ba ka so awakina sun gode. Rinar unguwar nan kaf a gidana suke walima, don wani ya ga dama ya dasa kuranga a gindin katangar mutane!"

Ya tsaya ya kasa kunne. A nan ne muryar maƙwabcinsa Norkul ta saba tasowa: "Sare, ɗan baƙin ciki, sare! Kai da ko albasa ba ka iya rayawa ba." Haka suke yi duk shekara idan inabi ya nuna, tun kansu yana baƙi har ya yi fari fat, kuma tun daga wancan lokacin ƙafar ɗaya ba ta taka gidan ɗaya ba. Yau kuwa shiru, sai ƙugin rina a cikin ganye.

Matarsa Sabohat ta ɗago kai daga bakin tanderu. "Sauko, baban yara, kada ka karye mini a banza. Da wa kake faɗan? Mutumin tun shekaranjiya yana kwance. Na kai masa gurasa jiya, na tarar ta ranar da ta wuce ko gutsura bai yi ba."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Iko sai Allah! Yaushe ka fara tambayar lafiyarsa?"

Eshmat ya ajiye almakashin. Ya ƙara hawa, ya leƙa. Norkul yana kwance a kan babban gadon katakon da ke tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, inda yake kwana duk bazara. Zabibin da ya shanya a kan tabarmi babu wanda ya juya shi, tsuntsaye sun sauka suna ta caccaka ba mai korarsu. Wannan ne ya tsinka wa Eshmat zuciya, don Norkul mutum ne da zai iya bin gwara da takalmi har bakin titi a kan ƙwayar zabibi ɗaya.

Ya sauko, ya zagaya ta waje, ya tura ƙofar.

"Wa ya mutu?" in ji Norkul, idonsa a rufe. "Don na san ba ka shiga gidan mutum sai an dafa shinkafar sadaka."

"Kai na zo dubawa ko ka mutu, in huta da rina."

"Ka yi sammako. Zauna, tunda ka riga ka ɓata mini rana."

Muryar ce kawai ta rage. Mutumin ya zube, wuyansa ya koma kamar na tsohon zakara. Eshmat ya juya zabibin, ya kori tsuntsaye, ya dafa koren shayi ya zuba masa rabin kofi. Da ya ga kofin zai suɓuce sai ya riƙe masa, yana kallon wani waje don kada su haɗa ido.

"A kira Sarwar," in ji Eshmat.

Sarwar shi ne ɗan Norkul tilo, yana aikin gini can cikin ƙasar Rasha, a wani gari mai nisa da ko sunansa ba kowa ke iya faɗa ba.

"Kul!" in ji Norkul. "Yaro yana tsakiyar aiki. Sai sun rufa gini kafin ƙanƙara, in ya taho yanzu wahalar shekara ta tashi a banza. Zafin chilla ne ya kayar da ni, kuma ya ƙare. Je ka sa hannu a kwata ka ji."

Maganar ba ta wofi ba ce. Kowa a ƙauyen ya taso ya ji cewa chilla, kwanakin nan na tsananin zafi, ita ce mai kwasar tsofaffi. Wanda ya tsallake ta har watan Sunbula ya kama, ruwan kwata ya washe ya yi sanyi, to ya ci shekararsa, sai kuma a ji da hunturu. Eshmat ya fita ƙofar gida ya tsoma hannu a ruwan da ke bi ta gefen titi. Ya yi sanyi kuwa, har ana ganin tsakuwar ƙasansa.

Da ya dawo Norkul ya nuna ɗaki da haɓa. "Buɗe akwatin can, ka ɗauko abin da ke sama."

Jabba ce mai auduga, shuɗiya, sabuwa dal, da ƙyallen ɗamara a naɗe a cikinta. A bayan akwatin an jingine sanda.

"Marigayiya matata ce ta ɗinka wa Sarwar, don ranar jana'izata. Shi zai sa, ya ɗaura ɗamara, ya dogara sanda a ƙofa kamar yadda ɗan mamaci yake yi." Ya yi tari, ya huta. "Ni ba mutuwa nake tsoro ba, maƙwabci. Ka tuna jana'izar Holmat wanzami? Ƙofa fayau, ba ɗa ba ƙane, ba mai kiran sunansa. Mutane suka zo ba su ga hannun da za su kama ba, suka yi ta kallon takalmansu. An fitar da shi kamar an fitar da tsohon buhu. Wannan nake tsoro."

"To shi ya sa na ce a kira shi."

"Shi ya sa na ce ba yanzu ba. Lokacin da ake binne kuranga a ƙasa saboda sanyin hunturu zai zo da ƙafarsa. Ni kuma ba inda za ni sai na ga an binne ta, in bar maka ita ka sare? Allah ya kiyaye."

Ranar Juma'a Sarwar ya kira ta waya mai hoto. Norkul ya sa Eshmat ya jingina shi da matasai, ya gyara masa hula, ya ja bargo ya rufe ƙafafun da suka kumbura. Sannan ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa ya zuba a murya, yana yi wa ɗan tsiya a kan gemun da ya tara. Sarwar ya yi dariya, amma bai gamsu ba.

"Wa ke riƙe da wayar? Baffa Eshmat? A gidanmu? To lallai akwai magana. Baffa, don Allah ku faɗa mini gaskiya, yaya jikinsa?"

Eshmat ya dubi Norkul. Tsohon ya zuba masa ido, idon roƙo, abin da bai taɓa gani a fuskar nan ba.

"Zafi ne kawai, ɗana. Ga Sunbula ta kama, shamuwa ma sun fara haɗa kaya. Tunda yana da bakin zagina ai da sauransa. Yi aikinka."

Bai ji ya yi ƙarya ba, wallahi. Abin da ubansa da kakansa suka faɗa shi ya faɗa.

Kuma sai ga shi kamar maganar za ta tabbata. Iska ta fara saukowa daga duwatsu da yamma, rana ta rage kaifi, mata suka fara fito da barguna suna shanyawa a kan katanga. Norkul ya tashi zaune. Ya sha romon da Sabohat ta kawo har ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ya sa Eshmat ya hau tsani ya ɗaure wa manyan nonnan inabi jakunkunan ƙyalle saboda rina, a bar wa Sarwar su, yana daga kwance yana ba da umarni.

"Ba wannan ba, makaho! Na damanka. Kai, wannan hannu naka ko kuturu ya fi ka."

Eshmat yana mayar masa da martani, amma a ransa daɗi yake ji. Abu ɗaya ne suka yi ta fama a kai, shiga ɗaki. Sabohat, wadda ke kiransa "aka", wato yaya, ta ce, "Norkul-aka, asuba ta fara cizo, ku koma ciki." Ya ce shi tun yana saurayi bai taɓa barin gadon nan ba sai ganyen farko ya faɗo masa a fuska, kuma ɗaki warin magani yake yi. Eshmat ya goya masa baya, ya ce ai sanyin nan shi ne maganin, a bar shi ya sha iska.

Wata safiya Eshmat ya farka ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. An yi yayyafi kafin gari ya waye, na farko tun bazara, siriri mai sanyi. Zabibi ne ya fara faɗo masa a rai, ya zura takalmi ya ruga. Yana cikin naɗe tabarmi ya ji wani sauti daga gadon, kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Bargon ya jiƙe, jikin Norkul kuwa zafi rau.

Shi da Sabohat suka ciccibe shi zuwa ɗaki. Likitar ƙauyen ta zo, ta sa abin aunawa a ƙirjinsa ta daɗe tana saurare, ta yi masa allura. Da ta fito tsakar gida ta dubi gadon, ta dubi Eshmat.

"A waje kuka bar shi yana kwana, da wannan zuciyar tasa? Ba zai jure hanyar asibitin Samarkand ba. In yana da wani, a kira shi yau."

Eshmat ya kira. Bai san yadda ya haɗa maganar ba. Ya dai ji yaron ya ce sai ya shiga jirgin ƙasa kwana da yini kafin ya kai inda jirgin sama yake tashi. Bai ce, "Baffa, ai kun ce zafi ne," ba. Da ya faɗa da ya fi wa Eshmat sauƙi.

Norkul ya kwana ɗaya a ɗakin. Da hantsi washegari ya buɗe ido, ya nemi Eshmat.

"Ya taso?"

"Ya taso, yana hanya."

"Da nisa?"

Eshmat ya so ya ce a'a, bakinsa ya ƙi. "Da ɗan nisa."

Norkul ya juya ido wajen akwatin, ya daɗe yana kallonsa. Leɓensa ya motsa, Eshmat ya sunkuya ya ji ko me zai ce, amma ba abin da ya fito. Sai ya fara karanta masa kalmar shahada a kunne. Kafin rana ta take, Norkul ya cika.

Liman ya ce ba a ajiye mamaci, bayan azahar za a kai shi. Sarwar, daga cikin jirgin ƙasa, yana kuka ya ce kada a riƙe mahaifinsa saboda shi. Aka share ƙofar gida, aka yayyafa ruwa, aka jera benci a jikin katanga. Maza suka fara tahowa daga kan titi da huluna, hannu a ƙirji. Dattijon unguwa ya tsaya ya duba hagu ya duba dama.

"Wa zai tsaya?"

Eshmat ya ga mutane sun fara kallon takalmansu. Ya juya ya shige gidan kamar mai neman wani abu. A soro ya yi karo da Sabohat, ta rungumo shuɗiyar jabbar, sandar a ɗaya hannun.

"Ni?" in ji shi a hankali. "Ke, garin nan kaf an san tsakaninmu. Dariya za a yi. Ni ba ɗansa ba, ba ƙanensa ba."

"Ɗansa yana cikin jirgi," in ji ta. "Kai ka ce masa zafi ne kawai. Miƙo hannu."

Ya miƙa. Jabbar ta Sarwar ce, Sarwar kuwa dogo ne, hannayenta suka rufe wa Eshmat yatsu, gindinta yana jan ƙasa. Sabohat ta naɗe masa hannun, ta ɗaura masa ɗamarar ta ja ta tamau, tana share hawaye da kafaɗa.

Ya fito ya tsaya a ƙofa, ya dogara sandar. Wani saurayi a kan benci ya taɓa na kusa da shi, dattijon unguwa ya harare su suka nutsu. Kowa yana jira, don mai tsayuwa shi ke fara kiran mamaci kafin a matso a kama hannunsa. Eshmat ya buɗe baki. Muryar da ta fito ita ce dai wadda unguwa ta saba ji ta kan katanga duk shekara, mai ƙarfi, mai kaushi, sai dai ta karye a tsakiya.

"Wayyo yayana! Norkul-aka! Wayyo yayana!"

Sai ya tsaya, ya ɗan karkata kai wajen katangar, ya kasa kunne.

Na farko a layi ya matso ya kama hannunsa ta cikin doguwar jabbar. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango gadon katakon, an kwashe shimfiɗarsa, jakunkunan ƙyallen suna reto a samansa, ga ganye ɗaya rawaya ya faɗo a inda matashin yake.