Ƙahon Ranar Lahadi

Adelmo ya buga katinsa a kan tebur har kofin gahawata ya yi tsalle.

"Egisto, ka ja wa surukarka kunne," in ji shi. "Tun da uwata ta haife ni, ƙungiyar ƙwallon garin nan ba ta taɓa fitowa a talabijin ta ƙasa ba. Rana ɗaya tal Allah ya ba mu, ita ce za ta shafa mana baƙin tukunya a fuska?"

Kowa a shagon gahawar Ruggero ya juyo ya dube mu. Ni da Adelmo tare muka fara yankan farin dutse a saman garinmu Pietrafonda tun gemu bai fito mana ba, tare kuma gwiwoyinmu suka gaji muka sauko. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Kunnen Nives lafiyarsa ƙalau," na ce. "Naku ne ya toshe. Jefa kati, tsoho."

"Ƙwallo daban, makoki daban," in ji Ruggero daga bayan kanta, yana goge kofin da ya riga ya bushe. "Mutum ya sha wahala mako guda, ya zauna zai huta, sai a cusa masa gawa a hutun rabin lokaci? Akwai coci, akwai kotu."

"Tallan giya da na caca da suke cusa maka fa? Su ba su hana ka hutawa?"

"Wannan ai kasuwanci ne."

"To, namu ma mun biya."

Aka yi 'yar dariya, wadda ba ta kai ciki ba. Maganar da ta raba garin ke nan. Ƙungiyarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin ƙasa, za ta kara da wata babbar ƙungiya ta arewa ranar Lahadi da rana. Sunan kamfanin dutse ne a ƙirjin rigar yaranmu, shi ya gyara musu fili, shi ya sayo motar da take kai su. Sai ga ƙungiyar matan da dutse ya cinye wa mazaje, da taimakon 'yan ƙwadago, sun sayi gurbin talla a tsakiyar wasan. Nives, matar ɗana Tullio, ita ce za ta fito a ciki. Babu wanda ya ga tallan tukuna, amma kowa ya riga ya yanke masa hukunci. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Adelmo ya tattara katinsa. "Duilio mijin 'yata Ornella ma ya samu tikiti, can zai kalla da idonsa. Shi ma ai mayankin dutse ne, bai ce a ɓata wa kowa rana ba. Ka bar matattu su kwanta."

"Sai sun samu wurin kwanciya," na ce, na ɗauki hulata.

*

Abu biyu muke yi wa wanda dutse ya kashe, kuma tun kakanninmu haka ake yi. Na farko, a busa ƙaho daga sama, busa ɗaya mai tsawo. Duk mai riƙe da guduma sai ya ajiye, mata su fito su nufi bakin hanyar da ta hau dutse, su tsaya su ga wa za a sauko da shi. Na biyu, abokan aikinsa su ɓallo guntu daga bangon dutse inda ya faɗi, su ɗora a kan kabarinsa, ba sassaƙa ba rubutu. Ka zaga maƙabartarmu, za ka gane su daga nesa.

Tullio bai samu ko ɗaya ba, domin ranar Lahadi ya mutu. A ƙofar kamfani kuwa akwai allo mai cewa ba a aiki ran Lahadi. Saboda haka ba a busa ƙaho ba. A bayan motar wani aka sauko da shi, aka ce giya ya sha ya hau yawo, santsi ya kwashe shi. Ɗana, wanda ko ranar aurensa sai da ya surka giyarsa da ruwa! Da safiyar ranar ni na ga fitarsa da takalmin aiki, da burodi da albasa a ƙunshe. Waɗanda suke tare da shi sun zo jana'iza, sun sunkuyar da kai, sun koma. Kowa yana da bakunan da yake ciyarwa. Kabarinsa ya zauna fayau kamar na mai sayar da magani.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san suna ya fi gawa daɗewa. Jikokina suna zuwa makaranta ana ce musu 'ya'yan mashayi.

Da na koma gida na tarar da Nives tana murza taliya, gari har gwiwar hannu.

"Baba, sun sake bugowa daga gidan talabijin," ta ce ba ta ɗago ba. "Wai lauyoyinsu sun ce kada a ambaci kamfani. Kada a ce an kashe. Kada a nuna hoton yara. Wai masu kallo da iyalinsu suke zaune."

"Me suka bar miki?"

"Magana ɗaya. Mijina ya fita aiki ranar Lahadi, bai dawo ba. Shi ke nan. Mai ɗaukar hoton ya ce sauran lokacin sai dai in tsaya ina kallon mutane kamar gunki." Ta yi murmushin da ba na so. "Jiya a kasuwa matar mahauci ta ce mini in yaranmu suka sha kashi, ni ce na jawo."

"Da can da suke shan kashi kowane mako, wa ya jawo?"

Ta yi dariya, sai dariyar ta karye. "Baba, ko in janye? Ba don ni ba. Kai ne, ko wurin zama ba ka da shi yanzu a gari."

Na dubi bango. Ƙahon mahaifina yana rataye inda ya bar shi, na jan ƙarfe, bakinsa ya lotsa.

"'Yata, lauyoyin nan sun hana busa?"

Ta tsaya da murzawa.

"Sun ƙirga kalmomi," na ce. "Ba su san garin nan ba da kalmomi yake ji ba. Kira yaron hoton, ki ce gobe ya zo da na'urarsa."

Haƙoran gaba sun zube mini, numfashi ma ba kamar da ba. Amma da na kafa ƙahon a baki, na tuna ba a taɓa busa wa Tullio ba, sai ga iska ta zo daga inda ban san ina da ita ba. Yaron hoton, ɗan birni, ya sauke na'urarsa yana share ido. Na ce masa ya ɗauka ya yi aikinsa, ba kuka muka kira shi ba.

*

Ranar Lahadi zafi ya sauko, kowace taga a buɗe. An kafa ƙaton majigi a dandalin coci, gari duk ya hallara da tutoci. Tsofaffin da ba sa iya fitowa da matan da girki ya riƙe, kowa ya ƙure muryar talabijin ɗinsa a gida. Magajin gari ya riga ya sanar cewa da an tafi hutu za a kashe sautin majigi, 'yan badujala su yi kiɗa, don kada a ɓata wa jama'a farin ciki.

Na sa rigata ta zuwa coci, Nives ta sa baƙaƙenta, muka ratsa tsakiyarsu. Aka dare mana kamar masu ƙyanda. Muka tsaya, don babu wanda ya miƙo kujera.

Yaran sun yi wasa, wannan ba zan hana su ba. Ɗan mai gidan burodi da ke tsaron gida ya ture wata ƙwallo da ni kaina sai da na yi ihu. Aka tafi hutu babu ci. Adelmo yana rungume da Ruggero yana sumbatar sanƙonsa.

Tallan mota ya wuce, na giya ya wuce, na caca ya wuce. Sai ga Nives a kan majigi, tsayinta ya kai rabin coci, farin bango a bayanta. Magajin gari ya ɗaga hannu, aka kashe sauti. Bakinta ya motsa, ba a ji komai ba. Wani ya yi fito na reni. 'Yan badujala suna ta neman shafin waƙarsu, ba su kai ga farawa ba. Dandali ya yi shirun da bai taɓa yi ba.

Cikin shirun nan ƙahon ya taso.

Ba daga majigi ba. Daga tagogi ya fito, kowane gida, kowane lungu, duka a lokaci ɗaya, ya hau ya bugi dutse ya dawo mana ta sama. Ni da na busa shi ma, sai da gabana ya faɗi. Tsofaffi suka miƙe, huluna a hannu, kafin su san sun miƙe. Jiki magayi.

Sai ƙofofi suka fara bugawa.

Mace ta farko ta fito daga lungun mahauta da ludayi a hannu. Wata ta biyo ta da jariri a kafaɗa. Ba su dubi majigi ba, ba su dubi kowa ba, suka keta dandali da gudu suka nufi bakin hanyar dutse. Ba su da yawa. Sauran matan gari suna tsaye a inda suke, domin mazansu suna gabansu da tuta a wuya. Waɗanda suka ruga su ne suka san inda nasu suke. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ta ƙarshensu Ornella ce, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kiran sunan Duilio.

Adelmo ya tare ta. "Ke! Ina za ki? Talabijin ne! Ba kin ce mini yana filin wasa ba?"

Ta tsaya tana haki, ta dubi majigi, ta dubi ubanta, ta dubi jama'a. Sannan ta gane.

"Jirgi yana jiran kaya a tashar ruwa, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, amma a shirun nan har bayan dandali an ji. "Sun ce wanda bai hau yau ba, kada ya zo Litinin."

Kowa ya kasa kunne wajen dutse. Da kunnuwa suka buɗe, sai ga shi can sama, siriri kamar kukan sauro: injin yanka yana cin dutse. Kowace Lahadi yana nan. Mun dai saba kiransa iska.

Nives ce ta tsinto ɗaya takalmin. Ta durƙusa a gaban mutanen da suka yi mako suna zaginta, ta sa wa Ornella a ƙafa, ta gyara mata gashi. Ba ta ce kun gani ba. Na so a ce ni na haife ta.

Adelmo ya zo inda nake, hularsa har yanzu a hannu. Ya juya ya jawo kujerarsa ya ajiye a bayana.

"Zauna, tsoho," ya ce. "Gwiwarka."

Na zauna. Aka dawo da sauti, aka koma wasa. An ci mu ɗaya saura kaɗan a tashi. Washegari jaridu suka yi ta gardama, wasu na cewa bai dace a kawo irin wannan cikin wasanni ba, gidan talabijin ya ce zai sake duba ƙa'idojinsa. Kamfani ya aiko aka sake fentin allon ƙofa.

*

Ran Talata da hantsi na hau maƙabarta da ruwan furanni, kamar yadda na saba. Tun daga ƙofa na hango wani abu fari a kan kabarin Tullio.

Guntun dutse ne, bai fi burodi girma ba, ba sassaƙa ba rubutu. Na juya shi a hannu. Jijiyar toka-toka ta ratsa shi a karkace, irin ta bangon gabas, inda aka ce ɗana ya je yawo. Gefensa sabon ɓalli ne, garinsa ya kama mini yatsa. Wanda ya kawo bai bar suna ba, ban kuma tambaya ba.

Na mayar da shi daidai inda na same shi, na cire hula. A ƙasa, manyan motoci suna gangarawa tashar ruwa ɗauke da farin dutse, ƙararsu tana kaɗa ruwan da ke cikin tulun furanni.