Babban Yatsan Auta

…kuskure ɗaya ma ya isa. Ɗaya tak. Yatsa ya zame, ko tsirkiya ta yi ƙara, shi ke nan, Yaya ya tashi ya koma shagonsa na gyaran firji da sanyin zuciya. Abin da ya kawo shi ke nan. Ba tikitin da 'yar'uwarsu ta cusa masa a aljihu ba, ba kuma mitar matarsa ba, wai shekara bakwai kana gaba da ƙaninka, uwa ɗaya uba ɗaya, ko kunya ba ka ji. Kunya… shi za a yi wa maganar kunya?

Layi na goma sha biyu, kujerar gefe, kusa da ƙofa. Hasken la'asar na zubowa ta tagar sama, kuma babu komai a kan dandamalin sai kujera ɗaya da Auta da gitarsa. Ba ganga, ba mai busa, ba kowa a bayansa. Kiɗan jaz, mutum ɗaya tilo. Wai gwani. Haka aka rubuta a bakin zaure da manyan baƙaƙe. Yaron da sai an goye shi ake kai shi makaranta…

Auta ya yi furfura. Yaushe?

Ga shi yana sunkuyar da kai, kunnensa dab da katakon gitar kamar mai sauraron ƙirjin mara lafiya. Sauti ɗaya ya saki, ya bar shi yana yawo cikin zauren har ya kusa mutuwa, sannan ya aika masa da na biyu. Ba ya sauri. Da can sauri ne ciwonsa — ɗakin baya, ƙofa a rufe kada Baba ya ji, tsohuwar gita mai tsirkiya huɗu, Yaya na danne masa 'yan yatsu har suka yi bororo. A hankali, Auta, ba kura ce ta biyo ka ba. Yana hawaye yana bugawa. Wa ya san wannan a nan? Wannan mai tabarau da ke lumshe ido tana kaɗa kai, ta sani?

Shekara goma sha biyar suna kiɗa tare, su huɗu, har da mai ganga da mai busa. Otal-otal, wuraren biki, motar da sai an tura. Auta a gaba, Yaya a baya da bes, babbar gitar nan mai kaurin murya wadda ba wanda ke lura da ita sai ta yi shiru. Bai taɓa neman gaba ba. Ya taɓa? Sai ranar nan, suna loda kaya a bayan mota, Auta bai ko ɗago ido ba — Yaya, ina so in gwada ni kaɗai. Gwadawa, kamar riga. Akwai abin da nake ji a kaina, in kuna bugawa ba na jin sa. To. Ashe hayaniya suke yi masa. Shekara goma sha biyar ta hayaniya.

Amma wannan… tsaya. Ta yaya yake yin wannan?

Yatsu uku na sama suna rera waƙar, siririya, kamar mace na magana ita kaɗai a wani ɗaki. A tsakiya wasu sautuka na buɗewa suna rufewa, suna riƙe mata hanya. A ƙasa kuma babban yatsa na tafiya abinsa, taki bayan taki, bai damu da kowa ba. Mutum uku a hannu ɗaya. Ka rufe ido ka rantse akwai wani a tsaye bayansa.

Akwai kuwa.

Wannan takun nasa ne. Na Yaya. Hawa uku, saukowa ɗaya, da ɗan jinkirin nan kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Jinkirin da mai ganga ya yi shekaru yana yi masa gori a kai — kana ja mana baya, malam, ka taka da mu mana. Har Yaya ya taɓa tunanin ganin likita, ko kunnensa ne. Ɗingishinsa ke nan, abin kunyarsa, ga shi Auta ya ɗauke shi ɗungurungum ya sa a babban yatsa, zaure guda na ajiyar zuciya saboda shi. Ɓarawo. Ya kori mutum ya riƙe tafiyarsa.

Ko kuwa… wa ya taɓa saurarensa har haka? Matarsa ba ta san yana jinkiri ba. Shi kansa gyarawa yake ta so ya yi. Mutum ɗaya ne a duniya ya ji abin ya ce a bar shi yadda yake.

A'a. Kada ya fara yin laushi. Ranar rasuwar Mama hannu kawai suka ba juna, kamar maƙwabta. Bes ɗin na saman kabad cikin tsohon zane, ƙura ta yi mata bargo. Shi kuma kullum kunnensa a jikin injin firjin mutane, yana sauraron gurnani, wannan gas ne ya ƙare, wancan ya tashi aiki. Kunnen da Allah ya ba shi ke nan, abin da yake yi da shi ke nan.

Waƙar na sirancewa. Auta ya rage sauti, ya ƙara ragewa, har ana jin gugar fatar yatsa a kan tsirkiya, har ana jin numfashinsa. Da akwai ganga a nan da ta tattake wannan. Da akwai bes… da shi yana tsaye a bayan nan, da wannan bai zo duniya ba. Gaskiyar yaron ce. Tun a bayan motar nan gaskiyarsa ce.

Tafi ya tashi, mutane na miƙewa. 'Yar'uwarsu daga layin gaba ta waiwayo, tana nuna masa ƙaramar ƙofar gefen dandamali da haɓa. Hannuwansa na kan gwiwa, sun yi nauyi kamar ba nasa ba. In ya shiga wajen Auta, ya ce me? Ka cuce ni? Ka yi daidai? Duka biyun gaskiya ne, shi kuwa baki ɗaya gare shi, kuma ya gaji, ya gaji…